Tesla ta faɗi a babbar kotun Landan: wa zai iya taka wa masu haƙƙin 5G birki?

Sani Ɗalibi: Salamu alaikum jama'a. Akwai wani hukunci na babbar kotun Ingila da ke Landan da nake so mu tattauna a kai, musamman da masu wutar mota da ƴan kayan gyara da ke cikinmu. A watan Yulin 2024 alƙali Fancourt ya kori babban ɓangaren ƙarar da kamfanin motoci na Tesla ya shigar a kan wasu kamfanoni biyu na Amurka, InterDigital da Avanci. Tushen rigimar shi ne motocin yanzu suna kama rezo kamar salula. Fasahar 4G da 5G kuwa tana da masu ita: Nokia, Ericsson, Qualcomm, InterDigital da sauransu, kowa da takardun haƙƙin ƙirƙirarsa. Avanci ta tattara haƙƙoƙin kamfanoni sama da 60 wuri guda, tana sayar da izini ɗaya ga masu ƙera motoci. Na 4G an daɗe ana biyan dalar Amurka 15 a kan kowace mota, wajen jika 9 ke nan. Da aka zo 5G sai ta ce dalar Amurka 32, wajen jika 20. Tesla ta ce wannan kuɗi ya yi yawa, kotu ta zauna ta yanke farashin da ya dace. Kotu ta ce ba hurumin da za ta yi haka. An ɗaukaka ƙara, a watan Maris na 2025 alƙalai biyu cikin uku suka sake tabbatar da hukuncin. Ni dai raina bai kwanta da shi ba, shi ya sa na kawo shi nan.

Habu Direba: Wa alaikumus salam. Malam Sani, jika 20 a motar da kuɗinta ya haura miliyan 20 na sefa? Ko kuɗin man da zai kai ni Tanut bai kai ba. Attajirin duniya ne zai je kotu a kan wannan?

Sani Ɗalibi: Yaya Habu, ka ninka shi. A 2023 Tesla ta sayar da motoci wajen miliyan 1.8. In kowace za ta biya 32, ana maganar kusan dalar Amurka miliyan 58 a shekara guda.

Baba Isuhu mai wutar mota: Ni tambayata daban. Mece ce waya take yi a cikin mota har da za a yi shari'a a kanta? Shekaruna a wannan sana'a na san bateri, na san altanato, na san ƙwaƙwalwar inji. Amma a ƴan shekarun nan motocin da ke shigo mana daga Kwatano nakan tarar da wani ɗan akwati bayan dashbod ko can cikin rufi, da eriyarsa, wani har da ƙaramin baterinsa. Akwai wanda ya riƙa shanye wa mai mota bateri cikin dare sai da na cire masa fis. Shi ne abin da kuke magana?

Injiniya Zara: Shi ne, Baba. Akwatin sadarwa ke nan, akwai layin waya a manne cikinsa. Tun 2018 Tarayyar Turai ta wajabta wa sababbin samfurin motoci na'urar da za ta kira lambar agaji 112 da kanta idan an yi hatsari, ta faɗi inda motar take. Bayan wannan akwai taswira, da buɗe ƙofa ta salula, da gano motar da aka sace. Tesla ma ta wannan hanyar take aika wa motocinta sabon tsari suna ajiye a ƙofar gida, ba sai an je garaji ba. To duk wanda zai kama rezo dole ya bi ƙa'ida ɗaya da duniya ta amince da ita, in ba haka ba eriyar kamfanin waya ba za ta gane shi ba. A cikin wannan ƙa'ida akwai dubban ƙirƙire-ƙirƙire masu rajista. Ba yadda za ka kauce musu. A sauran abubuwa in wani ya yi rajistar birkinsa sai ka ƙera naka ta wata dabara, amma a nan hanya ɗaya ce tak.

Alhaji Mutari, Kasuwar Dole: To ai shi ke nan sun riƙe wa kowa wuya. Duk abin da suka yanka sai a biya.

Injiniya Zara: An hango haka tun farko, Alhaji. Hukumar da ke tsara waɗannan ƙa'idoji, ETSI, wadda ke kudancin Faransa, takan nemi duk kamfanin da fasaharsa ta shiga ƙa'idar ya sa hannu a kan alkawari: zai ba kowa izini bisa adalci, a farashi mai ma'ana, ba tare da fifita wani a kan wani ba. Da wannan alkawari Tesla ta kafa hujja.

Sani Ɗalibi: Kuma a nan ne ta faɗi. Bari in kwatanta da kara ranar kasuwa. Masu shanu 60 kowannensu ya yi rantsuwa cewa ba zai tsawwala wa mai saye ba. Sai duk suka damƙa wa dillali ɗaya, shi kuma ya yanka kuɗin garken gaba ɗaya. Mai saye ya kai dillali gaban alƙali ya ce an tsawwala. Alƙali ya ce dillali bai yi rantsuwa ba, masu shanun ne suka yi, kuma kowa a kan nasa ya yi, ba a kan garke ba. Ka kawo mutum ɗaya cikin 60, ba zan yanke wa sauran hukunci ba su nan ba. In farashin dillali bai yi maka ba, bi su ɗaya bayan ɗaya ku daidaita. Kusan abin da kotun ta ce ke nan. Abin da ta bar wa Tesla shi ne ta ci gaba da neman a soke wasu takardu uku na InterDigital.

Malama Rabi: Ni kuwa ban ga laifin alƙalin ba. Ta yaya za a yanke wa mutum kuɗin kayansa ba a kira shi ba, ba a ji ta bakinsa ba? Ko a gidan Sarki ba a yin haka. Kuma ƙofa ba a rufe take ba, an ce su je su yi ciniki da kowane kamfani.

Sani Ɗalibi: Malama, a takarda ƙofar a buɗe take. A aikace wa zai zauna da kamfanoni sama da 60, kowanne da lauyoyinsa, kowanne yana iya zuwa kotu ya nemi a hana ka sayar da mota kafin ku gama magana? Kusan duk manyan masu ƙera motoci ta hannun Avanci suke biya. Ke nan farashin da duniya take biya da gaske shi ne wanda aka ce kotu ba za ta duba ba, wanda za ta iya dubawa kuma kusan ba mai bi ta kansa. Alƙali na ukun a kotun ɗaukaka ƙara, Arnold, wanda ya daɗe yana shari'ar irin waɗannan haƙƙoƙi, bai bi sauran biyun ba. A ganinsa maganar Tesla ta isa a saurare ta. Ni ina tare da shi. Ban ce 32 ta yi yawa ba, ban ce ta yi kaɗan ba. Cewa nake ya kamata a sami wurin da za a kai kuka.

Malama Rabi: Wannan kuma aikin masu yin doka ne da hukumomin da ke hana danniya a kasuwa. Alƙali ba ya ƙirƙiro alkawarin da mutum bai ɗauka ba.

Habu Direba: Da gaske ana iya hana babban kamfani sayar da mota saboda wannan ɗan akwatin?

Injiniya Zara: An yi, a Jamus. Ranar 18 ga Agustan 2020 kotun Mannheim ta ba Nokia gaskiya a kan Daimler, masu Mercedes, har da umarnin da zai iya tsayar da sayar da motocinsu a ƙasar. Sai dai kafin Nokia ta zartar da shi dole ta ajiye jinginar Yuro biliyan 7, ko da daga baya hukuncin zai juye, kuma ba ta zartar ba. A watan Yunin 2021 suka sasanta, Daimler ta yarda ta biya. A watan Mayun 2022 kotun Munich ta yi wa Ford irin wannan hukunci a ƙarar wani kamfanin Japan mai suna IP Bridge, ba a jima ba Ford ta sa hannu da Avanci. Abin da ya fi jan hankalina a shari'ar Daimler shi ne hujjarsu. Sun ce mu ba ma ƙera akwatin sadarwa, sayo shi muke daga masu kawo mana kaya irin su Continental, ku ba su izini su, mu sayi kayan da aka riga aka biya haƙƙinsa, kamar yadda muke sayen taya da fitila. Masu haƙƙin suka ƙi, suka ce a kan motar za a lissafa, domin a motar ne amfanin fasahar yake bayyana.

Alhaji Mutari, Kasuwar Dole: Yauwa! Nan ne nake da magana. Shekara da shekaru ina sayar da kayan gyara. In na sayi famfon mai daga hannun wanda ya ƙera shi, na biya, na biya duwan, na sa wa mota, ba wanda ya isa ya biyo mai motar ya ce a cikin famfon akwai dabararsa. Ya je can wajen maƙerin su ƙare. Dalilin da ya sa suka ƙi ba mai akwatin izini a fili yake: akwatin kuɗinsa kaɗan ne, in suka nemi 32 a kansa kowa zai ga ya yi yawa. In aka jingina shi da mota mai tsada sai ya zama kamar ba komai, kamar yadda Habu ya gani da farko. Daimler ce da gaskiya, ƙarfi aka fi ta.

Injiniya Zara: Alhaji, Allah ya ƙara arziki, amma a duba ɗaya gefen. Waɗannan kamfanoni suna zuba kuɗi mai yawa shekaru kafin fasahar ta fito, wasu binciken ma ba sa haifar da komai. Rezon da muke wannan hira da shi daga aikinsu ya fito. Kuma kuɗin sau ɗaya ake biya a tsawon rayuwar motar. Kotun Düsseldorf ta tura wannan tambaya taka, wa ya kamata a ba izini, zuwa kotun Tarayyar Turai a ƙarshen 2020, sai sasantawar da aka yi ta sa aka janye kafin a amsa. Na so a ce an amsa ta.

Malam Nuhu: Ku ba ni dama in shigo. Tun ɗazu ina karantawa, abu ɗaya ke damuna. Ilimi na Allah ne. Mun san gargaɗin da ya zo a hadisi a kan wanda aka tambaye shi ilimi ya ɓoye. Yaya mutum zai gano wata hikima, sannan ya ce duk duniya ba mai amfani da ita sai ya biya shi?

Sani Ɗalibi: Allah ya gafarta Malam, ai takardar haƙƙin ƙirƙira kishiyar ɓoyewa ce. Sharaɗin samun ta shi ne ka rubuta yadda abin yake dalla-dalla, yadda duk ma'abocin sana'ar zai karanta ya iya yi, kuma a wallafa kowa ya gani. Ladan da hukuma take ba ka shi ne shekara 20 ba mai kasuwanci da shi sai da izninka. Bayan nan ya zama na kowa. Wanda ke ɓoye ilimi shi ne mai sana'ar da zai rufe ƙofa in zai haɗa sirrin aikinsa, ya rasu da shi ko yaransa bai koya wa ba, kuma mun san irinsu a garin nan. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a 1988 ta yanke cewa haƙƙin mawallafi da na mai ƙirƙira dukiya ce da shari'a ta kare, ba ya halatta a taka ta.

Malam Nuhu: Na gamsu da batun bayyanawa. Amma halascin mallaka bai halatta tsawwalawa a kan abin da jama'a ba su da makawa sai shi ba. Malamai sun yi magana a kan ɓoye kaya don su yi tsada, kuma da yawansu sun ba shugaba damar ƙayyade farashi in cutarwa ta bayyana. In haka ne, a wannan shari'a ina ganin inda ka dosa: dole a sami mai dubawa.

Baba Isuhu mai wutar mota: Ku dai kada tausayin masu ƙera motoci ya kama ku da yawa. Na taɓa jin labarin mutumin da ya ƙirƙiro abin goge gilashi mai tsayawa yana ci gaba, wanda muke gyarawa kullum, aka ce sun cinye masa haƙƙi. Sani, ka san shi?

Sani Ɗalibi: Na san shi, Baba. Robert Kearns, malamin jami'a ne a Detroit. Ya nuna wa injiniyoyin Ford na'urarsa a farkon shekarun 1960, ba su ƙulla ciniki da shi ba, a 1969 sai ga ta a motocinsu. Ya kai ƙara a 1978, bai ga kuɗi ba sai 1990, dalar Amurka miliyan 10.2. Daga kamfanin motoci na Chrysler ya sami wajen miliyan 30. Shekarun ƙarfinsa duk a kotu suka ƙare, ya rasu a 2005. Shi kuwa Henry Ford, wanda ya kafa kamfanin, da irin wannan shari'a ya yi suna, amma a ɗaya gefen. Wani lauya George Selden ya sami takarda a 1895 da ke cewa shi ya ƙirƙiro mota mai amfani da fetur. Ƙungiyar masu ƙera motoci ta riƙe takardar tana karɓar kashi 1.25 cikin 100 na kuɗin kowace mota. Ford ya ƙi biya, aka kai shi ƙara a 1903, ya faɗi a 1909, ya ɗaukaka ƙara ya ci a 1911, domin kotu ta gano injin da Selden ya zana ba irin wanda Ford da sauran suke ƙerawa ba ne. Ford ya sami kotun da ta saurare shi har ƙarshe. A batun farashin 5G, Tesla ba ta kai ga wannan matakin ba a kotunan biyu.

Habu Direba: To mu da ke jan tsofaffin Hilux da Land Cruiser a hanyar Agadas, akwai ranar da za a tare mu a ce mu biya?

Sani Ɗalibi: Babu, Yaya. Daga masana'anta ake karɓa, ba daga direba ba. Takardar kuma a ƙasar da aka yi rajistarta kawai take aiki, kuma duk dabarar da ta haura shekara 20 ta fita daga hannun mai ita.

Alhaji Mutari, Kasuwar Dole: Kayan gyaran da ake kwaikwaya fa? Matatar mai da faifan birki da ke zuwa daga Sin da Dubai?

Sani Ɗalibi: Abu biyu ne, Alhaji. In dabarar ta tsufa, kowa na iya ƙera irinta ya sa sunansa, halas ne. Amma ya buga tambarin Toyota a kwali alhali ba Toyota ta yi ba, wannan jabu ne, dokar tambari ce ke kama shi, ita kuma ana sabunta ta duk shekara 10 ba iyaka.

Baba Isuhu mai wutar mota: Kuma jabun ne ke kashe mutane. Faifan birkin da ya ƙone a gangara ba ruwansa da sunan da ke kwali.

Lawali mai walda: Na yi shiru ne ina saurare, domin maganar ta taɓa ni. Na daɗe ina gyara injin ɓarar gyaɗa. Irin wanda aka saba yana farfasa ƙwaya da yawa, mata masu ƙuli-ƙuli ba su damu ba, amma masu sayen iri suna ƙi. Na sauya tazarar raga da yadda ganga ke juyawa har ya daina fasawa sai kaɗan. Na sayar wa mutanen wajen Matamaye da Magarya. Kafin damina ta zagayo wani ya sayi ɗaya, ya kwance shi, ya auna, yanzu yana ƙerawa da ƙarfe mara kauri yana sayarwa ƙasa da kuɗina. In nasa ya lalace ni ake zagi, don an san ni da injin. Tesla tana da lauyoyi a Landan. Ni wa zan kai wa kuka?

Malama Rabi: Allah ya saka maka, Lawali. Wannan ya fi min shari'ar Landan ciwo.

Sani Ɗalibi: Yaya Lawali, zan faɗa maka gaskiya ko da ba daɗi. Wanda ka riga ka sayar a kasuwa ba tare da rajista ba, da wuya a ba ka takarda a kansa, domin sharaɗin farko shi ne abin ya zama sabo, bai fita ga jama'a ba kafin ranar da ka ajiye buƙata. Amma in kana da wani gyaran da ba ka fitar ba, akwai hanya. Nijar tana cikin ƙungiyar rajistar haƙƙin ƙirƙira ta OAPI mai hedkwata a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa. Ƙasashe 17 ne, rajista ɗaya ta game su duka, har da Cadi, Benin, Mali, Burkina Faso da Kamaru, kuma kowace ƙasa tana da ofishin da ke karɓar takardu, namu yana Yamai. Bayan babbar takarda ta shekara 20 akwai ƙarama ta shekara 10 da aka tanada don gyare-gyaren kayan aiki irin naka, sharuɗɗanta sun fi sauƙi. Ana biyan kuɗi duk shekara don kada ta mutu. In wani ya kwaikwaya, a kotunan ƙasarmu za ka kai shi.

Alhaji Mutari, Kasuwar Dole: In aka kwaikwaya a Kano fa? Mu nan duk abin da ya karɓu, cikin wata guda ka gan shi ya dawo daga can.

Sani Ɗalibi: Nan ne matsalar take ga mutumin Damagaram. Najeriya ba ta cikin OAPI. Takardar Yawunde ba ta hana maƙerin Kano ƙerawa ya sayar a can, abin da take ba ka shi ne ikon hana a shigo da shi a sayar a Nijar. In kana son kariya a can sai ka yi wata rajistar a Abuja, kuma yarjejeniyar Paris ta ƙasa da ƙasa kan haƙƙin ƙirƙira ta ba ka wata 12 daga ranar ajiyar farko ka yi haka ba tare da ka rasa matsayinka ba.

Lawali mai walda: Rajista biyu, kuɗin shekara-shekara, ga lauya in an yi rigima. Injin nawa zan sayar kafin in mayar?

Injiniya Zara: Lissafin da ya kamata ka yi ke nan tun kafin ka taka zuwa Yamai, kuma yana iya nuna maka cewa ba ta biya. In haka ne, ka yi rajistar suna da tambari, ka riƙa buga shi a jikin kowane inji da lamba, ka ba mai saye garanti na wata shida ko shekara. Ba zai hana a kwaikwayi dabarar ba, amma zai raba naka da na mai ƙarfe mara kauri, zagin da kake sha ya koma inda ya dace.

Malam Nuhu: Kuma kafin kotu akwai manyan sana'a. A kira shi gaban shugabannin masu walda a yi masa magana, ko ya daina jingina aikinsa da sunanka.

Lawali mai walda: Na gode ƙwarai. Akwai wani gyara da na yi wa fankar da ke fitar da ɓawo, ban nuna wa kowa ba, ko yarana ba su ga yadda na haɗa ba. Bari in ɗauki hotonsa in turo nan ku gani ko ya isa a yi masa takarda.

Sani Ɗalibi: A'a Yaya, kada ka turo! Mun fi ɗari a nan, in ka saka shi ya fita ga jama'a ke nan, ka kashe sabuntarsa da hannunka. Ka zana shi a takarda, ka rubuta awo da kwanan wata, ka ajiye a gida. Ranar Alhamis bayan la'asar ba ni da darasi, zan zo garejin mu rubuta bayanin tare, sannan mu kira ofishin Yamai mu ji nawa ne kuɗin ajiyar ƙaramar takardar.

Lawali mai walda: Allah ya kai mu. Ka zo da Injiniya in tana da sarari, ita ta fi mu iya zane.